Darasi na 8: Ƙaramar Sola ta Gida da Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Saya

Ga mai karanta wa ƙungiya: wannan darasi yana cin zama biyu, kada a haɗa shi rana ɗaya da karɓar zubi mai yawa ko bayar da rance. A tanadi ƙwallayen dabino ko tsakuwa kamar guda ɗari da tabarma ɗaya a tsakiya. In akwai mambar da take da sola a gida, a roƙe ta ta zo da ita ko da ta lalace, don mu ga abin da ya kashe ta. A riƙa tsayawa ana barin mata su yi magana.



Wata za ta ce me ya haɗa littafin asusu da maganar wuta. Kuɗi ne ya haɗa su. A ƙauyukanmu na Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Buji da Birnin Kudu, akwai inda turakun wuta ba su taɓa zuwa ba, akwai kuma inda suka zo amma taransifoma ta ƙone aka bar waya tana lilo, tsuntsaye na hutawa a kai. Ko inda layin KEDCO ya kai, kun san yadda wutar take zuwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta layi, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan irin waɗannan mutane. Mu muna cikinsu. Amma rashin wuta bai hana mu biyan kuɗin haske ba. Kullum muna biya, sai dai a gutsure, ɗari nan ɗari biyu can: batirin tocila, cajin waya, kyandir, ɗan kananzir a kwalba. Tunda a gutsure yake fita, ba ma jin zafinsa.

Kananzir kuwa ya daina zama man talaka. Lita ta riga ta haura naira dubu a 2023, shekarar da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, wanda ya sa mai janareta ma ya ƙara kuɗin caji. Ga hayaƙin aci-balbal da yake baƙanta hanci da bango, ga gobara a ɗakin da yake cike da katifa da kayan sawa, ga yaron da zai ɗauki kwalbar kananzir ya kurɓa yana zaton ruwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta ba da shawarar a guji amfani da kananzir a cikin gida.

Sola ba baƙuwa ba ce a Jigawa. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF ta haɗa hannu da gwamnatin jiha aka sa sola a wasu ƙauyuka, ciki har da Ahoto a ƙaramar hukumar Buji. A watan Afrilun 2021 kuma, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zo Jangefe a ƙaramar hukumar Roni ya ƙaddamar da shirin Solar Power Naija, wanda aka ce burinsa ya kai sola gidaje da wuraren sana'a miliyan 5 a faɗin ƙasa. Ku riƙe wannan: ko a wancan shiri na gwamnati ba kyauta aka tsara ba, biya ake yi wata-wata. Don haka duk wanda ya shigo gari da fom yana cewa ku ba da kuɗin rajista za a kawo muku sola kyauta daga Abuja, ku ce masa ya fara zuwa wurin mai gari da shugabar ƙungiya, kuma kada kowa ta ciro ko sisi.

Aiki na farko: nawa duhu yake ci mana?

Kowace ƙwallon dabino ta tsaya a matsayin naira 100. Mace ɗaya ta fito ta tuna makon da ya wuce, daga Juma'a zuwa Juma'a, ta ajiye ƙwallaye a tabarma kashi-kashi: na batir, na caji, na kananzir ko kyandir. Kada ta manta da ladan ɗan aike in tana ba yaro wani abu ya kai mata waya kasuwa. Bayan ta gama, wasu biyu su yi nasu.

Ga misali, kuma misali ne kawai, ku sa naku lambobin. A ce batir naira 400 a mako. Waya biyu, kowace ana kai ta caji sau uku a naira 100, ya zama 600. Kananzir 500. Jimla naira 1,500 a mako. A shekara, mako 52, naira 78,000 ke nan. Ku duba littafin ajiyarku ku gani, mata nawa ne a nan suka tara haka a zagayen bara?

Wannan lamba ta mako ita ce ma'auninki. Kowace ta haddace tata, don duk lissafin da zai biyo baya a kanta zai hau. Wadda tata ta fito naira 300 kacal saboda da wuri gidanta ke kwanciya kuma waya ɗaya ce, to babbar sola ba tata ba ce, ƙaramar fitila ta ishe ta, kuma babu abin kunya a ciki.

Farantin sola, batir da ƙwai

Abu uku ne jigon kowace sola. Farantin da ake ɗorawa a rana shi ne mai ɗebo ruwa. Batir shi ne randa. Ƙwan fitila, rediyo da waya su ne masu zuwa da moɗa. Mai ɗebo ruwa da rana kawai yake aiki, mu kuma da dare muka fi sha. In randa ƙarama ce, ko an yi ta ɗebowa zuba za ta yi, dare bai raba ba ta ƙare. In randa babba ce mai ɗebowa kuma yaro ne, ba za ta taɓa cika ba. A tsakaninsu akwai ɗan na'urar da ke hana batir cika ya wuce ƙima ko ƙarewa ƙarƙaf, masu gyara suna ce mata kwantirola. A ƙananan sola na kamfani tana cikin akwati ɗaya da batir, ba a ganinta.

Ƙarfin faranti ana auna shi da wat, za ku ga lamba da harafin W a bayansa. Lissafin ba wuya. A ƙasarmu ana samun kamar awa biyar na rana mai ƙarfi a yini, duk da hasken ya fi haka daɗewa, don ranar hantsi da ta la'asar sakaliya ba su kai ta tsaka ba. Faranti mai wat 10 sau awa biyar ya ba da 50. Amma ba duka ke shiga randa ba, wani yana zubewa a hanya saboda zafi da ƙura da waya. Ku cire kusan kashi uku cikin goma, saura 35. Wannan 35 ita ce ruwan da kike da shi na yini.

Yanzu masu sha. Ƙwai uku, kowane wat 2, a kunne awa huɗu, daga magariba zuwa bayan isha: 3 sau 2 sau 4, sun sha 24. Saura 11. Ƙaramar waya mai madanni tana shan kamar 5, don haka biyu za su cika. Amma babbar waya ta shafawa tana shan kusan 20 ita kaɗai. Kun ga abin da ke faruwa a gidaje da yawa ke nan: saurayin gida ya dawo ya maƙala babbar wayarsa tun la'asar, ƙarfe tara wuta ta ɗauke, a ce sola ba ta da kyau. Solar ba ta yi laifi ba, an shanye randar ne.

Mai karantawa ta maimaita wannan da ƙwallaye: a tara 35 a tsakiya, a kira mata uku su zama ƙwai kowace ta ɗebi takwas, sannan a kira babbar waya ta zo ta ga abin da ya rage mata.

A kasuwa za ku tarar da iri uku. Akwai fitilar hannu mai ɗan faranti, wasu da wurin cajin waya, wat ɗinsu bai wuce biyar ba. Akwai mai akwati da ƙwai biyu zuwa huɗu masu dogayen wayoyi, da rediyo a wasu, wat 6 zuwa 20 haka. Sai babba, daga wat 40 zuwa sama, mai ɗaukar fanka da talabijin irin nata. Ba kowace fanka ko talabijin ke hawa kanta ba, sai waɗanda aka yi don sola masu cin wuta kaɗan. Dutsen guga, hita da injin niƙa kuwa, ku cire su daga rai. Dutsen guga ɗaya yana neman wat dubu. Firij ma yana son tsari dabam mai tsada sosai, wanda ya wuce wannan darasi. Na san masu zoɓo da ƙunun aya da ƙanƙara suna da wannan buri, amma duk dillalin da ya nuna muku akwati kamar na burodi ya ce zai ɗauki firij, ku yi masa sallama.

Nagari da jabu

Sayen nagari mai da kuɗi gida, in ji Hausawa, kuma a harkar sola haka abin yake ƙwarai, domin jabu ya fi na ƙwarai yawa a kan tebur. Za ku ga fitila an rubuta mata wat 100 ko 200 a kwali, alhali farantinta bai fi tafin hannu ba. Girman faranti ba ya ƙarya. Mai wat 10 na gaskiya ya kai kamar faifai babba, mai wat 50 kuwa ya fi shi girma sosai. Rubutun kwali kowa na iya bugawa.

Akwai wani tsari na gwajin inganci da Bankin Duniya ya faro da sunan Lighting Africa a 2007, wanda tun 2020 ake kira VeraSol. Su suna ɗaukar kaya su gwada ko abin da aka rubuta a kwali gaskiya ne, ko batir na da ƙarko, ko ruwa da faɗuwa na lalata shi. Sharaɗinsu ya haɗa da garanti: aƙalla shekara ɗaya ga ƙananan, shekara biyu ga manyan na gida. Sunayen kayan da suka ci gwajin suna shafinsu na intanet. Ku sa wata 'yarku ko ɗanku mai babbar waya ya duba sunan kamfani da lambar samfurin kafin a biya. Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna da kaya a wannan jeri, amma suna kaɗai bai isa ba, don har sunan ake kwaikwaya.

Ni a ganina tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba ta wat ba ce. Ita ce: in ta lalace, wa zan kai wa, kuma a ina yake? Mai tebur da ke cin kasuwar Shuwarin yau, gobe yana Gujungu, jibi Sara, ba lallai mugu ba ne, amma garantinsa a baki yake. Gara mai shago ko wakilin kamfani da aka san gidansa, ko da ya ɗara da 'yan dubbai. A karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata, lambar jikin akwatin da tsawon garanti. A kunna kowane ƙwai a gabansa, a gwada wurin caji da wayarki, ba tasa ba. Rasit ɗin a ajiye shi a akwatin ƙungiya mai makulli uku, don a ɗaki gara ko ruwan damina ko yara za su gama da shi kafin a buƙace shi.

A tambayi irin batirin ma. Akwai na litiyam, mara nauyi, mai ɗaukar shekaru in an kula da shi. Akwai na dalma, mai nauyi irin na mota ko babur, ya fi araha amma ba ya son a shanye shi ya wuce rabi, kuma zafinmu na bazara yana saurin kashe shi. Haɗin gida da wasu masu gyara ke yi da tsohon batirin mota da faranti ba kwantirola, araha ce da ba ta ado.

Zama na biyu: ta wace hanya za a biya?

Nan ne ƙungiya take da ta cewa, kuma nan ne mace ke iya samun sauƙi ko ta jefa kanta cikin damuwa. Mu ci gaba da misalinmu: mai kashe naira 1,500 a mako, tana son sola mai ƙwai uku. A ce kuɗinta hannu da hannu naira 60,000. Farashi na canzawa da canjin dala, don haka ku aika a tambayo na wannan mako kafin zama.

In ta biya lokaci ɗaya, a mako 40 kuɗin batir da caji da ta daina kashewa sun mayar mata da 60,000 ɗinta. Daga nan duk makon da solar ta ƙara tana aiki, 1,500 ce ta rage a hannunta. Shi ya sa garantin shekara biyu yake da daraja: ya wuce lokacin da kuɗin ke dawowa.

Hanya ta biyu ita ce biya kaɗan-kaɗan na kamfani. Ana ba da kafin alƙalami a ɗauki kaya, sannan kowane mako ko wata a tura kuɗi, kamfani ya aiko da lambobi a waya a danna a jikin akwatin ya buɗe. In ba a biya ba, akwatin ya kulle kansa ko da batir a cike yake. In an gama biya, a buɗe shi gaba ɗaya ya zama naki. Wannan tsari ya yi ƙarfi a Kenya da kamfanin M-KOPA kafin ya yaɗu zuwa nan. A Bangaladash ma da biya a hankali aka sa sola a gidajen karkara sama da miliyan 4 tsakanin 2003 da 2018. Ke nan hanya ce da ta yi wa talakawa da yawa amfani. Amma sai an yi jimla. A ce kafin alƙalami 10,000, sannan 1,500 duk mako har mako 52. Wannan 78,000 ne, a haɗa da 10,000, ya zama 88,000. Ta ɗara kuɗin hannu da 28,000. Wakili zai yi ta nanata muku 1,500 ɗin, don ita ce mai daɗin ji. Ku kuma ku nace: duka-duka nawa zan biya, kuma ranar yaushe zan gama?

Sai sauran tambayoyin da ba a cika yi ba. In na yi mako uku ban biya ba saboda rashin lafiya ko haihuwa, ana ƙara mini wani abu? Bayan kwana nawa ake zuwa a ɗauke kayan, kuma in an ɗauke, ina makomar abin da na riga na biya? Akwai kamfanin da kayansa haya ne, ba ya taɓa zama naka, don haka a tambaya ƙarara. Kuɗin mako kuma a tura shi asusun kamfani ta banki ko wurin mai POS, a jira saƙon shaida ya shigo. Kada a damƙa wa wakili a hannu ya ce zai tura. An sha samun wadda ta yi wata biyu tana ba wakili kuɗi, ya bar aikin, kamfani ya ce bai ga komai ba.

Hanya ta uku ita ce rance daga akwatinmu, kuma ita ce mata suka fi saurin kawowa. A nan nake so ku nutsu. Dokarmu ta ce mace ba ta karɓar fiye da ninki uku na abin da ta ajiye, ke nan mai son 60,000 sai tana da 20,000 a littafi. Kuma rancen akwati ana mayar da shi cikin wata uku. 60,000 a mako 12, naira 5,000 ke nan duk mako, ban da kuɗin hidima in ƙungiyarku na karɓa. Sola kuma 1,500 take rage mata. Ina 3,500 za ta fito? Daga jarin ƙuli-ƙuli ko na awara za ta fito, ko a sayar da akuya. Rancen akwati an yi shi ne don abin da ke juyawa da sauri, a sayi gyaɗa yau a sayar da mai jibi. Sola a hankali take mayar da kuɗinta. Ban ce haram ba ne a ɗauka, amma sai wadda sana'arta ke kawo rarar da za ta rufe wannan giɓi ba tare da ta taɓa jari ba. Ga ƙaramar fitila mai araha kuwa, rancen akwati ya dace sarai.

Abin da ya fi dacewa da yawancinmu biyu ne. Na farko, a jira ranar rabo. In zagayenku yana ƙarewa da kaka, lokacin da aka sayar da riɗi da zoɓo da gyaɗa, mata biyar ko goma su haɗa kai su je wurin mai kaya ɗaya, su nemi ragi saboda yawa, su kuma sa shi ya zo gari ya ɗaura da kansa. Na biyu, a buɗe adashin sola dabam, kada a gauraya shi da akwati. Mata 20, kowace 1,500 a mako, ya zama 30,000. Duk mako biyu an sayi ɗaya, a mako 40 kowa ta samu, kuma ba wadda ta biya ƙarin 28,000.

Sai dai wannan adashi yana da ƙaya. Wadda ta ɗauka da farko ta huta da sayen batir tun mako na biyu. Ta ƙarshe kuwa za ta yi kusan wata tara tana zubi tana kuma sayen batir, kuɗi biyu. Kuma kafin a zo kanta farashi na iya tashi. Kada a bar wannan sai rigima ta taso. Tun ranar farko a yanke: ƙuri'a za a yi a gaban kowa, waɗanda suka samu za su riƙa yi wa masu jira cajin ƙaramar waya kyauta, in farashi ya tashi kuma ƙarin a raba shi kan kowa, har waɗanda suka riga suka ɗauka. A rubuta, kowa ta dangwala. Tsarin asusunmu ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta faro da matan yankin Maraɗi a Nijar a 1991, kuma abin da ya riƙe shi har yau shi ne ana yin komai a bainar mambobi.

A wani zama wata dattijuwa ta ce, "Malama, wannan ƙarin da kamfani ke ɗorawa, ba riba ba ce da aka hana?" Na ce mata, "Inna, malamai da yawa sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun ranar ciniki kuma ba ya ƙaruwa saboda jinkiri. Amma a kai takardar wurin malamin gari ya duba sharuɗɗan, shi ya fi ni sani." Wannan ma wani dalili ne na neman takarda a rubuce.

Ta wace ce?

Maganar nan ana jin nauyinta, amma gara a yi ta a nan. Mace ta yi zubi wata tara ta sayi sola, maigida ya ce a kai ƙwai ɗaya turakarsa, ɗaya zaure, ita a bar mata ɗaya. Ko a gidan da ake da abokiyar zama, ɗakin wannan ya haskaka na waccan na duhu, yara su fara gori. Ba ƙungiya ce za ta shirya wa kowa gidanta ba. Shawarata dai a yi maganar da maigida kafin kaya su shigo, ba bayan sun shigo ba. "Malam, ga abin da nake niyya, ga inda nake so a sa ƙwan, in kana son na zaure ka kawo kaza." In shi ma ya ga kuɗin cajin da zai huta da shi, sau da yawa yakan sa hannu. In abokan zama za su haɗa kuɗi, a faɗi kason kowa a gaban shaidu biyu daga ƙungiya.

Rasit ya fito da sunan wadda ta biya. In na kamfani ne, lambar wayar da za a yi rajista da ita ta zama tata, don can lambobin buɗewa za su riƙa zuwa. In an sa lambar maigida ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal da wayarsa, kin biya kuɗi amma saƙon yana can, ke kina nan cikin duhu.

Masu tunanin sana'ar caji kuma, ku koma kan lissafin randa. Mai wat 10 ba ta da rarar sayarwa. Mai wat 50 tana tara kamar 175, a cire 24 na ƙwai, saura wajen 150: ƙananan waya talatin ko manya bakwai a yini mai rana sosai. Akwai samu, musamman daga mata 'yan uwanki da ba sa son wayarsu ta kwana a kasuwa a hannun maza. Amma in rabin garin suka sayi tasu, masu kawo caji za su ragu, don haka kada a ci bashi a kan wannan kaɗai. Ribar da ta fi tabbata ita ce awa biyu ko uku da ake ƙarawa bayan isha: ɗinkin hula, saƙar faifai, tsince zoɓo, murza taliya, yara su yi aikin makaranta da tilawa ba hayaƙi a ido.

Kula da ita

Faranti ya kalli kudu, wato hannun damanki in kin fuskanci gabas, a ɗan karkace shi kaɗan yadda ruwan sama zai gangare, kada a kwantar da shi shimfiɗe. A duba inuwa da safe, da azahar da kuma la'asar, don reshen darbejiya ko ganyen dabino ɗaya da ya rufe gefe yana iya rage aikin farantin gaba ɗaya. In a kan kwano za a ɗora, a sa katako a ƙarƙashi iska ta riƙa ratsawa, zafi na rage masa ƙarfi. A ɗaure shi tam saboda iskar farkon damina da kuma ɓarayi. In ƙarami ne, a shigar da shi ɗaki da magariba.

Da hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba. A goge da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, sau biyu ko uku a mako. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, ban da toka. Ranakun hazo mai kauri da na hadarin Agusta randa ba za ta cika ba, sai a rage ƙwai ɗaya a hana babbar waya.

Akwatin batir shi kuma inuwa yake so. A rataye shi a bango inda iska ke shiga, nesa da murhu, nesa da hannun yara, ba dab da kwano ba. Kada a bar mai gyaran rediyo ya buɗe shi matuƙar garanti bai ƙare ba, don da an kwance shi kamfani ya zare hannunsa. Kada a yanke waya a ƙara mata tsawo ko a liƙa wani ƙwai na kasuwa.

Ranar da batir ya mutu, kada a jefa shi a juji ko a wuta, kada kuma a bar yara su fasa shi su yi wasa da abin ciki. Na litiyam yana iya kamawa da wuta in an huda shi. Na dalma kuwa guba ne. Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai waccan. A mayar wa wanda ya sayar, ko a kai wa masu sayen tsohon batir a rufe yadda yake, ba a zubar da ruwan cikinsa a tsakar gida ba.

Kafin zama mai zuwa, kowace ta ƙirga abin da ta kashe a haske da caji na kwana bakwai, ta zo da ƙwallayenta a ƙulle a leda. Ƙungiya ta zaɓi mata biyu, ɗaya mai iya karatu, su shiga Dutse su tambayo farashi a shago uku: kuɗin hannu, jimlar biya kaɗan-kaɗan, wat ɗin faranti, irin batir da tsawon garanti. Kuɗin motarsu a fitar daga tarar makara, a rubuta a littafi. Kada su ba da kafin alƙalami a wannan tafiya, ko an ce musu ragin na ranar ne kawai.